Ungozoma daga Maradi zuwa aiki a ƙasar waje: yadda ake bi daki-daki

Tambayar nan ta yi yawa, daga ɗaliban da ke shirin karɓar difloma har ungozomomin da suka daɗe suna kwanan gardi a materniti: ta ina ake farawa idan ana son aiki a waje, nawa ake kashewa, kuma wa ke ba da bizar? Abin da nake fara cewa shi ne, biza ce ta ƙarshe. Sai hukumar ungozomomi ta ƙasar da za ki je ta yarda ke ungozoma ce, sannan asibiti ya ɗauke ki, sannan asibitin ya tsaya miki a ba ki biza. Kun fi kowa sanin ba a fito da mabiyiya kafin jariri. Duk wanda ya juya miki wannan jeri, ya ce ki kawo kuɗin biza aiki na can na jiran ki, kuɗinki yake so.

Farashin da zan kawo na 2025 ne. Suna canzawa kusan kowace shekara, saboda haka ki duba shafin hukumar da kanki ranar da za ki biya.

1. Harshenki ne zai zaɓa miki ƙasa

Mu da muka yi karatu da Faransanci, zuciya takan fara tafiya Faransa. To amma hanyar ta fi yadda ake zato ƙunci. A can ana lissafa ungozoma cikin ma'aikatan da ke da ikon duba mara lafiya su rubuta magani, karatunta shekara biyar ne, yanzu ma an mayar da shi shida. Mai difloma daga wajen Tarayyar Turai sai ta shiga gasar da ake kira EVC, wadda hukumar CNG ke shiryawa, kuma gwamnati ce ke ƙayyade yawan gurabe kowace shekara. Guraben ungozomomi ba su da yawa. Idan kin ci, sai ki yi shekara ɗaya kina aiki ƙarƙashin kulawa kafin a ba ki cikakken izini ki yi rajista. Ga kuma matsalar da ta shafe mu mu kaɗai: ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun watan Janairun 2024.

A Kanada, jihar Kebek ce mai Faransanci. Hukumarsu, OSFQ, tana auna karatunki da nasu, kuma galibi sai an yi karatun cike giɓi a jami'ar Trois-Rivières. Ungozoma a Kebek tana bin mace tun daga ciki har bayan haihuwa, a gidajen haihuwa ko a gidan matar, kuma ita ke da alhakin yanke shawara. Hanya ce mai tsawo da tsada, ta mai haƙuri da abin hannu.

Ingila da Saudiyya da Daular Larabawa duk Turancin Ingilishi suke so, har jarrabawar. Su ne kuma hanyoyinsu suka fi fitowa fili, kowane mataki da farashinsa, shi ya sa zan fi tsayawa a kansu.

Akwai hanya ta huɗu da ba a cika tunawa da ita ba, kuma ita ce nake ganin ta fi dacewa da yawancinmu: ƙungiyoyin agaji. MSF, wadda muka sani tana aiki a nan yankin Madarounfa, tana ɗaukar ungozomomi masu aƙalla shekara biyu na aiki ta tura su wasu ƙasashe, kuma mai Faransanci tana da daraja a wurinsu saboda ayyukansu a Kwango da Cadi da Afirka ta Tsakiya. Su ke yin biza da tikiti da masauki, ba ki biyan ko dala. Diflomarki ta gida ita ce ke aiki, kuma kina dawowa gida tsakanin aiki da aiki.

2. Ki haɗa dosiye tun ba ki gaya wa kowa ba

Nan ne mutanenmu suka fi faɗuwa, kuma ba don rashin ilimi ba.

Ki shimfiɗa takardunki duka a kan tabarma ɗaya: takardar haihuwa, takardar shaidar ƴar ƙasa, difloma, takardun maki na kowace shekara, katin shaida, fasfo, takardar aure. Ki karanta sunanki harafi-harafi. A ɗaya an rubuta Hadiza, a ɗaya Hadizatou. Sunan mahaifi a difloma Mahamane, a fasfo Mahamadou. Wata takardar haihuwarta ta kotu ce, an rubuta an haife ta “wajen 1994”, ba rana ba wata, alhali fasfo ya ce 1 ga Janairu. A nan gida babu mai damuwa da wannan. Ma'aikacin da ke zaune a Landan ko Riyad mutum biyu yake gani, sai ya ajiye dosiyen. Ki je kotu a gyara, ko a ba ki takardar da ke tabbatar da cewa sunayen duka na mutum ɗaya ne, tun kafin ki aika komai.

Daga nan ki koma makarantar da ta yaye ki, ko ENSP ta Damagaram ce, ko ta Yamai, ko makaranta mai zaman kanta a nan Maradi. Ki nemi cikakken bayanin karatu: kowane darasi da awanninsa, kowane zaman koyon aiki a asibiti da makonninsa. Idan littafin koyon aikinki na nan, wanda aka rubuta haihuwar da kika karɓa shugabar materniti ta sa hannu, ki adana shi kamar zinariya. Ki kuma karɓi lambar waya da adireshin imel na ofishin makarantar wanda ake buɗewa da gaske, domin hukumomin waje ba su tsaya ga takardar da kika aika ba, makarantar suke tuntuɓa kai tsaye. Dosiye yakan kwana watanni don kawai babu wanda ya amsa saƙo ɗaya.

Sai takardar shaidar aiki daga kowane wurin da kika yi aiki, da ranar farawa da ta gamawa, da hatimi, da sa hannun shugaba. Shekarun da kika yi kina aikin sa kai ko na kwantiragi ma a rubuta su. Sai shaida daga hukumar lafiya cewa kina da izinin aiki kuma ba a taɓa hukunta ki ba.

Hattara: takardar kotu mai nuna ba ki da laifi wata uku kawai take aiki. Kada ki ciro ta yanzu, ki bari sai an nema. Fassara kuma mai fassarar da kotu ta rantsar ne zai yi, ba malamin Ingilishin unguwa ba, ko da ya fi shi iyawa. Fasfo kuwa ki tabbata da sauran shekaru a gabansa.

3. Jarrabawar harshe

Hukumar ma'aikatan jinya da ungozomomi ta Birtaniya, NMC, tana karɓar IELTS ko OET. A IELTS ana son maki 7 a karatu da saurare da magana, 6.5 a rubutu. A OET ana son B a ukun, C+ a rubutu. Wannan ba Ingilishin ciniki a kasuwar Jibiya ba ne. Wadda ta tsaya a Ingilishin sakandare ta ware wa kanta shekara guda ko fiye tana karatu kullum. Ni a ganina OET ta fi sauƙin kamawa ga ungozoma, domin zancen asibiti ne: rubuta takardar tura mara lafiya, yi wa mace bayanin magani.

British Council na shirya IELTS a Kano da Abuja, kuma Kano ta fi mana kusa da Yamai, ta Ɗan Issa da Katsina. Ki sa kuɗin mota da masauki da na sake zama a lissafi, domin da yawa ba su samun makin a zaman farko.

Hattara: sakamakon shekara biyu yake aiki. Kada ki zauna jarrabawar alhali dosiyenki na kotu ana gyaran suna. Kuma duk mai cewa zai sayar miki da sakamako, ko ya zauna a madadinki, ki guje shi. A 2023 NMC ta gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a Ibadan, ta soke sakamakon kusan mutum 2,000 da suka zauna a can, har da waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

4. Izinin aiki daga hukumar ƙasar

A Ingila haka jerin yake. Ki buɗe asusu a shafin NMC da kanki, da imel ɗinki, ba na wani ɗan sabis a shagon intanet ba. Ki biya fam 140 a duba cancantarki. Idan sun amince, sai jarrabawar kwamfuta, CBT, fam 83, wadda ake yi a cibiyoyin Pearson VUE: kashi ɗaya lissafin magani, kashi ɗaya tambayoyi 100 na aiki. Sai jarrabawar aikin hannu, OSCE, fam 794, ita kuma a cikin Birtaniya kawai ake yin ta, yawanci bayan asibiti ya ɗauke ki kin isa can. A ƙarshe fam 153 na rajista. Jimla fam 1,170. Idan fam yana wajen sefa 750, ya kusa sefa 900,000 ke nan, ban da jarrabawar harshe da fassara da tafiye-tafiye. Asibitocin gwamnati da yawa su ke biyan kuɗin OSCE, wasu har su mayar miki da na baya, amma sai an rubuta a takardar ɗaukar aiki.

OSCE ta cancanci a tsaya a kanta. Tasha goma ce, kowace da mintocinta, mai jarrabawa na zaune da takarda yana kallon ki. Ungozomar da ta karɓi haihuwa ɗaruruwa, wadda ta tsayar da zubar jini da tsakar dare da fitilar waya a baki, tana iya faɗuwa, ba don hannunta bai iya ba. Ta shiga ba ta faɗi sunanta ba, ba ta tambayi matar sunanta da ranar haihuwarta ta gwada da katin sunan da ke ɗaure a hannunta ba, ba ta nemi izini kafin ta taɓa ciki ba, ta wanke hannu amma ba a lokacin da ake so ba, ta yi abin daidai amma ba ta faɗa da baki ba. Mu a nan, da mata goma a layi da ungozoma ɗaya, mun saba aiki shiru da sauri. A can sai kin yi magana da mutum-mutumin roba kamar mace ce mai rai, kin gaya mata abin da za ki yi da dalilinsa, kin rubuta komai da lokaci da sa hannu. Ki fara sabawa tun yanzu a wurin aikinki. Matanmu ma za su ji daɗin hakan.

A Saudiyya hukumar ita ce SCFHS, ana nema ta shafinta na Mumaris Plus. Kamfanin DataFlow ne ke bin diddigin takardunki har makaranta da wurin aiki, sannan ki zauna jarrabawar Prometric. Dubai da Abu Dabi kowace da hukumarta, amma tsarin kusan ɗaya ne, kuma suna son shekarun aiki bayan difloma. Idan DataFlow ya kama takardar ƙarya ɗaya, ko da shekara guda aka ƙara a shaidar aiki, rahoton yakan bi ki har sauran ƙasashen yankin.

5. Neman asibitin da zai tsaya miki

Akwai abin da ya kamata kowace ƴar Nijar ta sani a nan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da jerin ƙasashe 55 masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, na 2023, kuma Nijar da Najeriya duk suna ciki. A ƙa'idar Birtaniya, asibiti ko kamfanin ɗaukar ma'aikata bai kamata ya zo ƙasashen nan yana farautar ma'aikata ba. Abin da aka yarda shi ne ke da kanki ki ga tallar gurbi ki nema kai tsaye. Saboda haka duk wanda ya ɓullo a WhatsApp ya ce shi wakilin asibitocin Ingila ne a Maradi, yana tara sunaye, tun daga nan maganarsa ta karye.

Guraben asibitocin gwamnati suna shafin NHS Jobs, kyauta. Gwamnatin Birtaniya kuma tana wallafa sunayen duk ma'aikatun da ke da lasisin ɗauko ma'aikaci daga waje a shafin gov.uk. Kafin ki amsa wa kowa, ki nemi sunan asibitin a jerin. Ki duba imel ɗin da ya zo miki, ko na asibitin ne ko na Gmail. Asibitin gaskiya zai yi miki intabiyu ta bidiyo, da manyan ungozomomi suna tambayar ki me za ki yi idan bugun zuciyar jariri ya sauka.

Zan faɗi gaskiya: guraben ungozoma a Ingila sun yi wuya a ƴan shekarun nan, har waɗanda aka yaye a can suna kukan rashin gurbi. Kada ki sayar da zinariyarki ko ki ɗauki adashin mutane kan zaton aiki zai zo cikin wata uku.

Hattara: dokar Birtaniya ta hana kamfani karɓar kuɗi daga mai neman aiki don ya sama masa aiki, kuma kuɗin takardar ɗaukar nauyi a kan asibitin da ya ɗauke ki yake, ba a kanki ba. Hanyar masu kula da tsofaffi, wadda mutane da yawa suka bi a baya, an rufe ta ga masu nema daga waje tun 22 ga Yulin 2025. Wanda ya ce ki shiga ta nan daga baya ki koma ungozoma, tsohon labari yake sayar miki.

6. Karanta albashi yadda ya kamata

Ungozoma mai sabuwar rajista a asibitin gwamnati a Ingila tana farawa a mataki na 5, fam 31,049 a shekara a tsarin 2025, kan awa 37 da rabi a mako. Mataki na 6 yana farawa daga fam 38,682. Aikin dare da na ƙarshen mako yana da ƙari, hutun shekara kwana 27 ban da ranakun hutun ƙasa.

Idan kika raba 31,049 gida 12 kika juya shi sefa, za ki ga kusan miliyan biyu a wata, kanki ya yi nauyi. Dakata. Ana cire haraji kashi 20 cikin 100 a kan abin da ya haura fam 12,570, ana cire inshorar ƙasa, ana cire fansho. Abin da ke shiga hannu bai kai fam 2,000 ba a wata. Hayar ɗaki ɗaya a gidan haɗaka tana iya cin kashi ɗaya cikin uku na wannan, Landan kuwa ta fi haka. Sai harajin gunduma, wuta da ɗumama ɗaki, mota, abinci. Idan da ƙananan yara, kuɗin reno kaɗai na iya cinye abin da kika yi niyyar aikowa gida, domin babu kaka babu ƙanwa a tsakar gida. Kuma kafin ki ci OSCE, ba a matsayin ungozoma ake biyan ki ba, a matakin mataimakiya ne. Ki gaya wa dangi wannan tun kina gida, kada su ɗauka wata na farko za a fara ginin gida a Ali Ɗan Sofo.

A Saudiyya ba a cire haraji daga albashi, kuma asibitoci da yawa suna ba da masauki da mota da tikitin hutu. Amma albashin ba ɗaya ba ne ga kowa, ya danganta da asibiti da matakin da SCFHS ta sa ki. Mai difloma ana iya sa ta a matakin da ke ƙasa da mai digiri, albashi ya bi matakin. Ki duba ainihin albashi daban, alawus daban. Dokarsu ta ba ma'aikaci kuɗin sallama, rabin albashin wata kan kowace shekara a biyar na farko, cikakken wata bayan haka.

Kafin ki sa hannu a kowane kwantiragi ki nemi amsar abu huɗu a rubuce: sunan aikin, ungozoma ne ko mataimakiya, awa nawa a mako, nawa za ki mayar idan kika bar aikin kafin wa'adi, kuma ko kuɗin na raguwa da shekaru, wa zai biya tikitin dawowa. A Saudiyya idan aka samu saɓani, rubutun Larabci ne ke aiki, ba fassarar ba. Malaman Larabci ba su yi mana ƙaranci a Maradi ba, ki kai wa wanda kika yarda da shi ya karanta miki layi-layi.

7. Bizar kanta

Idan asibitin Ingila ya ɗauke ki, zai ba ki lambar takardar ɗaukar nauyi, CoS, wadda ke aiki wata uku. Da ita za ki nemi bizar ma'aikatan lafiya ta intanet: fam 304 idan ba ta wuce shekara uku ba, fam 590 idan ta wuce. Masu wannan biza ba su biyan harajin lafiya da sauran baƙi ke biya. Ana son fam 1,270 su kwana 28 a jere a asusunki na banki, sai dai idan asibitin ya rubuta ya ɗauki wannan nauyin. Kuɗin da ke cikin akwati ko a hannun uwar adashi ba ya shiga lissafi. Ƴan Nijar kuma sai sun yi gwajin tarin fuka a asibitin da gwamnatin Birtaniya ta amince da shi, ba kowane ba. Shafin neman bizar ne zai nuna miki cibiyar ɗaukar zanen yatsu.

Ungozoma tana da damar tafiya da miji da yara, kowa da kuɗin bizarsa da abin da za a nuna a banki: fam 285 na miji, 315 na yaro na farko, 200 na kowane mai bi masa. Idan yara za su bi ki ba tare da mahaifinsu ba, batun ya fi haka wuya, ki fara zama da shi da manya tun da wuri.

Bizar ɗaure take da asibitin. Idan aikin ya tsaya, yawanci kwana 60 ake ba ki ki samu wani mai tsaya miki ko ki fita.

Hattara ta musamman ga masu son Saudiyya: bizar Umara ko ta ziyara ba ta aiki ba ce. Mun ga ƴan'uwanmu da suka tafi a haka suka ƙare a ɓoye cikin gidajen mutane, ba iƙama, wato katin izinin zama, ba asibiti. Bizar aiki da sunan asibitin take fitowa, iƙama kuma ma'aikata ce ke yi miki. Dokar ƙasar ta hana uban gida riƙe fasfon ma'aikaci, to kada ki miƙa naki don “ajiya”.

8. Kafin ki bar wurin aikinki

Idan ke ma'aikaciyar gwamnati ce mai lambar aiki, kada ki ɓace kawai. Ki rubuta takardar neman dakatar da aiki na wani lokaci ba albashi, ta bi ta hannun shugabanki zuwa hukumar lafiya ta jiha, ki jira amsa a rubuce. Wadda ta tafi ba sallama ana rubuta ta cikin masu gudun aiki, kuma wata rana hukumar waje za ta sake neman shaidar halinki daga wannan ofishin da kika bari.

Kada ki ajiye aiki ranar da aka ce an ɗauke ki. Ki bari sai biza ta fito. Sannan ki ba materniti isasshen lokaci a samu mai karɓar gardinki, domin a wasu cibiyoyin lafiya na karkara, ta wajen Dakoro ko Mayahi, idan ungozoma ɗaya ta tafi, mai naƙuda sai an ɗora ta a amalanke zuwa wani gari. Ki miƙa rajistar awon ciki a tsare, ki nuna wa mai gadon ki matan da cikinsu ke da haɗari ɗaya bayan ɗaya.

Takardunki na asali su shiga jakar hannu, ba akwatin kaya ba. Ki ɗauki hoton kowace ki aika wa imel ɗinki, ki bar kwafi mai hatimi a hannun wanda zai iya zuwa makaranta ko kotu a madadinki idan an nemi wani abu bayan kin tafi.